Shekarar da Ramar Shatu Ta Ƙi Fure

A Jarwal, wata unguwa a Makka, a shekarar da yaƙin Turawa ya lafa, in baƙo ya nemi gidan Hajja Shatu ba a ɓata baki wajen kwatance. Sai a ce masa ya bi lungun masu tsire ya riƙa ɗaga kai, duk inda ya hango ɗanyen ganye ya leƙo ta saman katanga, to ya iso. Gidan kansa ba abin a zo a gani ba ne, ɗakuna biyu ne na dutse da laka, da rumfar buhu, da 'yar tsakar gida. Amma a garin da ake sayen ruwa a gwangwani, tsiron da ya fi mutum tsawo dole a tsaya a kalle shi.

Rama ce. Ramar nan dai da ake kwaɗo da ita, wadda a ƙasar Hausa take fitowa a bayan kowane ɗaki ba mai ce mata sannu. A nan kuwa da ruwan alwala ake rainonta. Duk salla Shatu a gindinta take tsugunawa, don kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza.

Sau ɗaya ganyen ya so ya ja mata magana. Wani askari ya zo wucewa, ya ga ganye mai yatsu kamar buɗaɗɗen tafin hannu, ya rantse hashish ne, ganyen nan mai juya wa mutane kai, ya je ya taho da umda, wato mai unguwa. Shatu ba ta yi gardama ba, don Larabcinta bai kai na gardama ba. Tsinkowa ta yi, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta dire musu kwano. Umda ya kai loma ɗaya, tsami ya kama masa muƙamuƙi, ya runtse ido ya ce wannan ba kai yake juyawa ba, haƙora yake kashewa. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da zancen.

Abin da umda bai sani ba, kuma ba kowa ya sani ba a unguwar, shi ne ba don miya Shatu take wannan wahala ba. Don 'yarta take yi.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da mijinta Rabe ya ɗaura niyyar zuwa hajji a ƙasa daga Babura. Shatu ta goya autanta Abdulganiyyu ta bi shi. Wadda ba a tafi da ita ba ita ce Mairama, 'yarsu ta fari, don tana ɗakin mijinta, ga kuma ciki ya tsufa. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a wurinmu: ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, ko mutuwa take yi don son sa sai ta kau da kai. Tun da aka haifi Mairama, Shatu ba ta taɓa kiran ta da abin da ya wuce “ke” ko “yarinyar nan” ba. Saboda haka ranar tafiya, da dangi suka cika gida ana koke-koke, ita ba ta da damar kuka. Sai ta yafito yarinyar zuwa bayan ɗaki, ta kwance bakin 'yar gorar da take ajiyar irin rama, irin da ta gada wurin tata uwar, ta zazzage a faifai ta raba biyu.

“Ke, riƙe wannan,” in ji ta, idonta a kan faifan. “Irin nan ba ya ƙarya. Ko da wuri kika shuka, ko a makare, lokacinsa ɗaya ne. Ranar da kika ga furen farko ki yi mini Fatiha. Ni ma duk inda nake zan yi miki.”

Ba zancen banza ta yi ba. Wata ba abin ƙulla alkawari ba ne ga manomi, azumi bana yana cikin zafi, bayan 'yan shekaru ya koma cikin sanyi. Wannan ramar kuwa ba ruwanta da wata. Za ta yi ta tsawo, ta yi ta ganye, ba za ta nuna ko alamar fure ba sai yini ya fara gajarta dare ya fara tsawo, wajen shigowar kaka. Uwar Shatu takan ce, “Ramar gidanmu ba ta fure sai ta ƙoshi da dare.” Ko da gaske rana ɗaya take buɗewa a Babura da sauran wurare, Allah ne masani. Shatu dai ba ta taɓa shakka ba.

Tafiyar da aka ce ta shekara biyu ce ta ci shekaru. A tsaya nan a yi noma a tara guzuri, a matsa gaba guzurin ya ƙare a sake tsayawa. Duk inda damina ta riske su, a Abashe ne ko a Fashir, Shatu sai ta sami wata kusurwa ta shuka ramarta, ta jira fure, ta tara sabon iri. Rabe ya rasu a gonakin auduga na Sudan bai ga Ka'aba ba. Ita ta gani, da yaro riƙe da bakin zanenta, amma guzurin komawa bai taɓa taruwa ba, kuma ƙafafun da suka kawo ta suka ce sun gama nasu. Ba wasiƙa, ba saƙo. Abin da ya rage tsakaninta da 'yarta shi ne safiya ɗaya a shekara. Ranar da furen ya buɗe, fari mai ɗan rawaya da jan ciki, sai ta tabbatar ba kowa a tsakar gida, ta durƙusa ta yi Fatiha, sannan ta kai bakinta kusa da furen ta faɗi sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban mutum ba. Wannan safiyar ita take riƙe da ita har wata shekara.

Maƙwabciyarta Hauwa, wadda aka haifa a Sudan, ita ma tana da tata ramar a cikin tsohon gwangwani, irin can. Ita wannan da ta kai gwiwa sai fure, ko rani ko sanyi, ba ta jiran kowa.

“Yaya Shatu, taki sarauta gare ta,” Hauwa takan ce ta saman katanga. “Tawa ta yi 'ya'ya har an ci, taki tana nan tana yanga.”

“Taki ai ba ta da kamun kai,” in ji Shatu. “Kowa ya yi sallama ta fito.”

To, a shekarar da muke magana, abu biyu suka faru, kuma ba wanda ya kawo a ransa cewa suna da haɗi.

Na farko ruwa ne. A Makka ba a cika yin ruwan sama ba, amma ranar da ya ga dama sai ya sauke na shekara guda a yini ɗaya, ya gangaro daga duwatsu ya bi lunguna. Ya shiga ɗakin Shatu har gwiwa, gorar iri ta kwana a ciki, kafin a ankara duk ya kumbura ya ruɓe. Abin da ya tsira 'yan ƙwayoyi ne da ta taɓa ƙullewa a bakin wani tsohon zane. Ta shuka su duka da bismilla. Kaɗan suka fito, zafi ya kashe na kashewa, guda ɗaya ta rayu, a kusurwar da babbar randa take jingine da katanga. Duk irin gidan su Shatu da ke wannan ɓangare na duniya ya koma kara ɗaya.

Na biyu alheri ne. Abdulganiyyu, wanda ya girma yana ɗaukar ruwa a kafaɗa har wurin ya yi kanta, ya samu ya buɗe 'yar gahawa a jikin katangar gidan ta waje, inda direbobin Jidda da masu raƙuma suke shan shayi. Yaron kirki ne, sai dai Hausarsa ta sha Larabci har ta ƙoshi. Da ciniki ya ɗan kankama ya sayo fitila mai famfo, wadda 'yan Makka suke kira itrik, mai haske fari fat. Maimakon ya rataye ta a cikin rumfarsa, sai ya kafa dogon sanda a jikin katanga ya ɗaga ta sama.

“Rabi nawa, rabi naki, ya ummi,” in ji shi, yana murmushi har kunne. “Halas, ba sauran lalube, ba sauran kunama.”

Shatu ta yi ta sa masa albarka. Ta kira Hauwa ta zo ta ga yadda ake iya zura zare a allura bayan isha'i. Tun daga magariba har kiran asalatu fitilar nan tana ci, don masu mota ba su da lokacin zuwa. Ramar kuma ta yi wani irin girma da ba ta taɓa yi ba. Ta wuce katanga, karanta ya yi kauri, kanta ya kai daf da fitilar. Shatu ta ce bana za a sha iri.

Zafin Makka ya fara sassautawa. Inuwar katanga ta azahar ta miƙe ta kai bakin rumfa, la'asar da magariba suka matso kusa da juna. Shatu ta san waɗannan alamu kamar yadda ta san tafin hannunta. Kullum da safe, kafin ta sa komai a baki, sai ta je ta bi karan da yatsa tana duba inda ganye ya haɗu da kara, nan ne ƙullin fure yake fitowa. Babu. Ta jawo kan ramar ƙasa da sanda ta duba. Ganye ne kawai, sabo a kan sabo.

Da farko ta ce yanga ce irin tata. Da lokaci ya ɗan gota ta daina cewa komai. Masu ba da shawara kuwa ba sa ƙarewa a Jarwal. Hauwa ta ce ruwa ya yi mata yawa, Shatu ta koma yin alwala a bakin rumfa. Wata ta ce toka, aka zuba toka. Wata ta ce baki ne, tun da kowa ya wuce sai ya yaba, aka samo tofi aka yayyafa. Ramar ta karɓi duk abin da aka ba ta, ta ƙara tsawo.

Har alhazan bana suka fara cika gari, dare ya yi tsawon da ba mai musu a kai, ana neman mayafi da asuba. A duk shekarun da Shatu ta yi tana wannan shuka, a ƙasashe daban-daban, da fari da ambaliya, ba a taɓa kai wa haka ba fure bai fito ba. Ta daina cin abinci sai an matsa mata. Ta rame, idanunta suka faɗa. Abin da take tsoro ta ƙi faɗa ko a zuciyarta, har ranar da ta gaji da ƙin faɗa.

Abdulganiyyu ya shigo da hantsi ya same ta zaune a gindin ramar, hannu a kan gwiwa.

“Ka je zawiya ka gaya wa liman,” in ji ta. “Gobe bayan azahar akwai sadaka a gidan nan. Yayarka ta rasu.”

Ya ajiye butar da ke hannunsa. “Innalillahi! Wa ya zo? Wa ya faɗa?”

Ta nuna ramar da haɓa.

“Ya ummi, esh hada, mene ne haka? Ganye ne fa! Ganye ya san mutuwa?”

“Alkawari na mutum biyu ne,” in ji ta. “In ɗaya ya tafi, wa za ta buɗe wa? Kai a goye ka bar ta, ba ka san komai a kai ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.”

Ya so ya ƙara magana, ya dubi fuskarta ya fasa. Shi bai san wannan yaya tasa ba ko a mafarki, amma ya san uwarsa, ya kuma san in ta kafe ko raƙumi ba ya jan ta. Ya ce ɗayyib, wato to, ya fita.

Washegari da sassafe Hauwa ta shigo taya aiki, ta tarar da Shatu tana wasa wuƙa a bakin dutse.

“Me za ki yanka, Yaya? Ba akuya na gani ba.”

“Abin da muka raba da ita, shi za a ci mata.”

“To ki tsinki ganyen mana, ki bar karan! Ita kaɗai ce fa ta rage miki. Ki ƙara mata ko 'yan kwanaki.”

“In ajiye wa wa?” in ji Shatu. “Kullum in fito in gan ta tsaye tana kallo na? Ba zan iya ba, Hauwa. Wallahi ba zan iya ba.”

Nan ne kukan da ta riƙe tun a bayan ɗakin Babura ya ƙwace mata. Tana kuka tana yanka. Karan ya yi tauri, sai da ta yi ta gurzawa kafin ya faɗi, ya cika tsakar gidan daga wannan bango zuwa wancan. Ba ta tsaya nan ba, don Shatu ba ta iya rabin aiki ba. Ta tono saiwar ta jefa a murhu, ƙarƙashin tukunyar da za a dafa ganyen.

Da suka zo jan karan zuwa rumfa sai wani abu ya riƙe. Wani siririn reshe ne daga can ƙasa, ya bi ta bayan randa ya shige lungun da ke tsakaninta da katanga, inda ba mai leƙawa. Hauwa ta sa hannu ta zaro shi, ta ɗaga shi.

“Yaya Shatu. Dubi nan.”

A jikin reshen, a gindin kowane ganye, ga ƙullin fure nan jere. Na ƙasan ya kumbura har farin ya leƙo ta bakinsa.

Shatu ta matso. Ta karɓa ta juya shi, ta sake juyawa. Amma tukunya tana kan wuta, an riga an gaya wa liman, aikin gama ya gama. Ta ce wa kanta wannan ban kwana ne yarinyar ta yi mata a ɓoye. Ta yanke reshen ta tsoma a kwanon ruwa, ta kai ɗaki ta ajiye.

Bayan azahar gida ya cika. Mata a ciki, maza a rumfar gahawa da bakin ƙofa, ana ta miƙa kwanonin kwaɗo da dabino. Liman ya yi addu'a. Ana cikin shafawa sai aka ji hayaniya a ƙofa, wani dogon saurayi ya kutso, rigarsa ta koɗe, ƙafafunsa duk faso, irin na wanda ya taka daga nesa. Bai yi ko sallama ba. Ya zube a tsakar gida yana haki.

“Wa ya kawo labarin? Don Allah yaushe ta rasu?”

Shatu ta ɗago ta dube shi, ta ga wushirya irin ta 'yarta, ta ga goshin Rabe.

“Kai ɗan wane ne?”

“Idris ne sunana. Daga Babura. Ni ne cikin da kuka bari.” Ya share fuska da hannun riga. “Kwana da kwanaki ina bin lunguna ina tambayar Shatu matar Rabe, kowa ya nuna mini wata Shatun daban. Yau ina zawiya na ji an ce sadakar Mairama 'yar Rabe, mutuniyar Babura. Wa ya riga ni isowa da labarin?”

Mata suka dubi juna. Abdulganiyyu ne daga bakin ƙofa ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba wanda ya zo. Rama ce ba ta yi fure ba.”

Idris ya dube shi, ya dubi tsohuwar, bakinsa a buɗe. “Rama? Ai ni lafiya lau na bar ta! Damina biyu ke nan, ita ta raka ni har bayan gari tana yi mini faɗa a kan takalmi. Ko ciwon kai ba ta yi.”

Gida ya kaure da kabbara. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, liman ya leƙo yana dariya ya ce to sadaka ta zama walima, ba a yi asara ba. Shatu ta rarrafa ta kama kan saurayin ta haɗa da ƙirjinta. Jika ba ɗan fari ba ne, ba kunya a tsakani, saboda haka duk rungumar da ta hana uwarsa shi ta ba.

“Maigidan, sai yanzu?” take cewa, tana kuka tana dariya. “Sai da na tsufa za ka zo biko?”

Aka zaunar da shi a tabarma, aka ba shi ruwa, aka tura masa kwanon kwaɗo. Yunwa ba ta san kunya ba, ya sa hannu. Shatu ta zauna daf da shi tana kallon yadda yake tauna. Can ta kasa haƙuri.

“Tata fa? Ramar da na bar mata. Tana fure a kan lokaci?”

“Ai tata ta daɗe da mutuwa, Iya,” in ji Idris. “Tun ina ƙarami, shekarar fara. Fara ta sauka ta cinye ta kafin ta yi 'ya'ya. Ta bi gidajen dangi kaf tana nema, duk wadda aka ba ta in ta shuka sai ta ce ba ita ba ce. To tun daga nan, da kaka ta shigo sai ta fara yi miki Fatiha kullum safiya har a gama girbi, wai kada ta kuskure ranar. Kullum maganarta ita ce, ‘Tawa ta tafi, amma ta Inna tana nan. Inna ba ta sakaci.’” Ya kai wata lomar. “Da zan taho ta ce ba ta son zane, ba ta son dabino. Ruwan Zamzam, da irin ramar nan ko cikin cokali ne. Ta ce in ban karɓo ba kada in shigo mata gida. Ina take ne, Iya? In gan ta mana, na sha labarinta.”

Matan da ke kusa suka daina tauna. Idon kowa ya sauka a kan kwanon da ke hannunsa. Ya bi idanunsu da kallo, ya ga kwanon, ya hango tsiraran kara jingine a rumfa da ramin da ke gefen randa. A hankali ya ajiye kwanon a ƙasa.

Kafin magariba mutane suka watse, kowa yana sanɗa kamar an yi mutuwar gaske. Shatu tana zaune inda take. Ta ji Abdulganiyyu a waje yana ba fitilarsa famfo, ta ji hucinta, sai haske ya tashi a kan sanda ya zubo tsakar gida kamar kullum. Yau ba ganyen da zai tare shi. Ya sauka a kan ramin, ya sauka a kan katanga, ya haske ko'ina fes. Wuri ɗaya ne bai kai ba, lungun bayan randa, wanda ya yi baƙi ƙirin.

Shatu ta daɗe tana kallon lungun. Sai maganar uwarta ta dawo mata kamar yanzu aka faɗe ta: ba ta fure sai ta ƙoshi da dare. Wata da watanni baiwar Allah tana tsaye a ƙarƙashin fitila tana jiran dare, dare bai zo mata ba. Reshen da ya sami duhu ya cika alkawari a kan lokacinsa. Ramar ba ta yi ƙarya ba, Mairama ba ta saki alkawari ba ko da hannunta ba komai. Ita Shatu, da aka ce ba ta sakaci, ita ta sa wuƙa. Baƙin cikin da ta ji a lokacin ya fi na safe, don na safe ƙaddara ta ɗauka, wannan kuwa hannunta ne.

Abdulganiyyu ya leƙo ta saman katanga, fuskarsa tana sheƙi a hasken. “In ƙara mata famfo, ya ummi? Ki ga ɗan yayata da kyau.”

Maganar ta zo mata har baki. Ta dubi yaron da ya ɗauki ruwa a kafaɗa shekara da shekaru kafin ya iya saya mata haske, ta haɗiye.

“Ta isa haka,” in ji ta. “Allah ya yi maka albarka.”

Hauwa, da ta tsaya wanke kwanoni, ta matso ta rage murya. “Yaya, ga nawa irin nan cike da gora. A ƙulla masa a tsumma. 'Ya'yan rama duk kamarsu ɗaya, wa zai gane?”

“Ita za ta gane,” in ji Shatu. “Za ta shuka, ta yi mata fure a tsakiyar damina. Sai ta san na yi mata ƙarya bayan na yi mata asara.”

Da gari ya waye ta shiga ɗaki ɗauko carbi, ta tarar furen ya buɗe a cikin kwano. Babba ne, fari mai ɗan rawaya, cikinsa ja wur, bai san an yanke shi ba. Ta ɗauko kwanon da hannu biyu ta fito da shi tsakar gida. Idris yana alwala, Abdulganiyyu yana sauke fitila daga sanda, Hauwa ta leƙo ta katanga. Kullum Shatu takan jira sai ba kowa. Yau ba ta jira ba.

“Zo ka ga abin da aka aiko ka nema,” ta ce wa jikanta.

Ya tsuguna yana kallo. “Ashe haka take. Iya, in aka bar shi a ruwan, ba zai yi 'ya'ya ba?”

“Yankakken reshe ba ya 'ya'ya. Zuwa azahar ma zai rufe.”

Ta durƙusa ta ɗaga hannu ta yi Fatiha, su ma suka ɗaga nasu. Da ta shafa, ta sunkuya kan furen, a gaban ɗanta da jikanta da maƙwabciyarta, ta ce da ƙarfi, “Mairama.” Ta sake cewa, “Mairama, 'yata.” Abdulganiyyu bai taɓa jin sunan a bakinta ba tun da aka haife shi, ya juya ya fuskanci katanga.

Kafin azahar furen ya nannaɗe ya faɗo cikin ruwan. Shatu ta tsame shi, ta shanya a faifai ya sha iska, ta yago bakin tsohon zanen nan ta ƙulle shi a ciki. Ta kamo hannun Idris ta danƙa masa.

“In Allah ya mai da kai ka same ta, ka ba ta wannan.”

“In ce mata me, Iya?”

Shatu ta daɗe ba ta saki hannunsa ba.

“Ka ce mata na riƙe har bana.”